Daga Kwarin Rima Zuwa Jami'ar Coci: Me 'Ya'yan Kebbi Ke Bi a Karatun Kimiyya?

Ƙarshen damina, sa'ad da ruwa ya fara ja da baya a fadama, shinkafa ta sunkuyar da kai, shi ne lokacin da tashoshin motar Birnin Kebbi ke cika da akwatuna da katifu. Tun da jijjifi 'yan kamasho ke kiran Sakkwato, Zariya, Minna, Abuja. Yawancin ɗaliban da ke tsaitsaye a wurin ba nisa za su yi ba. Wani Kalgo ya nufa, wani Aliero, wanda ya yi nisa ya kai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ahmadu Bello.

Amma a motar Abuja ko ta Ilori ba a rasa yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da tafiyarsu ta sha bamban. A akwatinsu akwai farar rigar ɗakin gwaji, da kalkuleta, da littafin dokokin makaranta wanda sai da uba da ɗa suka sa masa hannu. Jami'ar coci za su, karatun kemistiri, ko fiziks, ko bayokemistiri.

Motar za ta ratsa Jega da Koko da Yawuri ta faɗa Kwantagora. Daga can mai zuwa Karu ko Bwari ya bi ta Minna, mai zuwa ƙasar Yarbawa ya gangara Mokwa, ya haye kogi a Jebba. Tafiyar yini guda ce cur, in hanya ta yi lafiya.

Ba su da yawa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'ya'yan Kiristocin ƙasar Zuru. Akwai 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwar kudu da suka shekara da shekaru a unguwar Badariya ko Gesse, har Hausarsu ta koma ta Kabawa. Akwai kuma, ko da yake ba a cika faɗar wannan a majalisa ba, 'ya'yan Musulmi masu hali, waɗanda iyayensu suka gaji da jiran a janye yajin aiki.

A gida babu ko ɗaya

Jihar Kebbi ba ta rasa makarantun gaba da sakandare ba. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda aka kafa a 2006, aka kuma sanya mata sunan Abdullahi Fodiyo a 'yan shekarun nan. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mai mazaunin dindindin a Kalgo, tun 2013. Ta noma a Zuru ta biyo baya a 2020. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a babban birni, ga kwalejin horar da malamai ta Adamu Augie a Argungu, ga kuma jami'ar Rayhaan mai zaman kanta.

Jami'ar da coci ta mallaka kuwa, babu ita a Kebbi, babu a Sakkwato, babu a Zamfara. Sanannun da suka fi kusa suna gefen Abuja: Bingham ta cocin ECWA a Karu, jihar Nasarawa, wadda aka kafa a 2005, da Veritas ta limaman Katolika a Bwari, mai lasisin 2007. Manyan da sunansu ya fi tashi suna kudu maso yamma: Babcock a Ilishan, Covenant a Ota, Bowen ta 'yan Baftis a Iwo, Redeemer's a Ede.

Tsohon zance ne

Haɗuwar mishan da karatun kimiyya a Arewa ta girmi Najeriya mai 'yanci. Turawan mulki sun taƙaita shigar masu wa'azin Kirista cikin masarautun Musulmi, bisa alkawarin da suka yi wa sarakuna, shi ya sa makarantun mishan suka fi yawa a Filato, kudancin Zazzau, Binuwai da ƙasar Zuru. Inda aka bar su suka shigo, ta ƙofar magani suka shigo. A shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Asibitin ido na Kano da asibitin Galmi a Nijar duk daga wannan tushe suke. Sunan Bingham da jami'ar Karu ke ɗauke da shi ma na ɗaya daga cikin mutum uku ne da suka sauka Legas a 1893 suka fara wannan ƙungiya.

A Zariya, mishan ɗin Dakta Walter Miller da ya koma Wusasa ya yaye Hausawa Kiristoci waɗanda suka riga kowa a fagen likitanci. Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, ɗan can ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan. Coci ba ta sake samun babbar ƙofa ba sai 1999, da aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi. Biyu daga ciki na addini ne, Babcock da Madonna. Musulmi suka biyo baya a 2005 da Al-Qalam a Katsina, Al-Hikmah a Ilori da Crescent a Abeokuta. Yau jami'o'i masu zaman kansu sun haura 140, kuma kaso mai tsoka na coci-coci ne.

"Likitanci na nema"

Tambayi ɗaliban bayokemistiri a kowace jami'a ta Najeriya yadda aka yi suka zo sashen, amsar da za ta fi yawa ita ce likitanci suka nema. A Birnin Kebbi da Argungu, kamar ko'ina, yaron da ya yi fice a ajin kimiyya tun yana aji huɗu ake kiransa Dakta. Inna ta faɗa wa dangi, Baba ya faɗa a majalisa. Ranar da sakamakon JAMB ya fito, guraben likitanci ba su kai yawan masu nema ba ko kusa, sai a tura shi bayokemistiri, ko maikurobayoloji, ko kemistiri zalla, a ce ya riƙe wannan tukuna, baɗi ya sake gwadawa.

Fiziks ya fi kowa maraici. Shi ne mazaunin wanda injiniyanci ya ƙi.

Wannan shiga ta ƙofar baya tana da illa mai tsawo. Yaro ya shafe shekara biyu yana kallon darasinsa a matsayin zaman jira, bai taɓa tsayawa ya ga abin da ke hannunsa ba. Alhali bayokemistiri shi ne ilimin sinadaran da ke gudana a jikin mai rai: yadda tuwon shinkafa ke zama sikari a jini, yadda hanta ke tace guba, abin da ya sa ƙwayar jinin mai amosanin jini ke lanƙwashewa, da dabarar da ƙwayar zazzaɓi ke yi ta kauce wa maganin da jiya yake kashe ta. Duk maganin da likita ke rubutawa, wani mai irin wannan ilimi ne ya fara sanin yadda yake aiki.

Wasu jami'o'in masu zaman kansu sun san wannan rauni na iyaye sarai. Akan nuna wa uba cewa in ɗansa ya yi ƙoƙari a shekarar farko za a iya mayar da shi likitanci. Wani lokaci hakan na faruwa. Amma hukumar likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, kuma ba a ƙara gurbi don uba ya biya kuɗi.

Rauni daga tushe

Kafin a kai ga zancen jami'a, akwai na sakandare. Kebbi na da tsofaffin makarantu masu suna, irin Kwalejin Kanta a Argungu da Nagari a Birnin Kebbi, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi. Amma a makarantu da dama, musamman na karkara, ɗakin gwaji suna ne kawai. Akwai ginin, akwai famfon da ba ruwa, akwai kwalaben da rubutun jikinsu ya goge. Sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato ake sayo sinadaran da hukuma ta aiko da jerinsu, malam ya gwada sau ɗaya ko biyu a gaban yara sittin, su kuma su haddace launin da ya kamata ya fito.

Yaron da ya taso haka zai iya zuba maka dokar Ohm ba gargada, amma bai taɓa haɗa waya da batir ya ga allurar mita ta motsa ba. Ya san sunan buret, bai taɓa murɗa bakinsa yana ƙirga ɗigon asid har ruwa ya sauya launi ba. Ranar da ya shiga ajin farko a jami'a, ko ta gwamnati ko ta coci, hannunsa rawa yake.

Malaman ma ƙalilan ne. Wanda ya ƙware a fiziks ko lissafi da wuya ya daɗe a aji, domin albashin ba ya riƙe shi. Ga rashin tsaro ya ƙara dagula lissafi. Sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da na 'yan matan makarantar Maga a Danko-Wasagu a Nuwamban 2025, sun sa iyaye da dama sun ja da baya daga makarantun kwana, alhali a nan ne aka fi samun ɗakunan gwaji masu ɗan dama-dama.

Abin da kuɗin ke saya

In ka zauna da iyayen da suka yanke shawarar tura ɗa jami'ar coci, Kirista ne ko Musulmi, zancen akida ba shi ke fara fitowa ba. Kalanda ce. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aikin kusan wata tara, a 2022 suka yi na wata takwas. Karatun shekara huɗu ya koma shida. A jami'ar kuɗi kuwa, ranar da aka rubuta za a gama, ranar ake gamawa. Ga uban 'ya mace da ake jiran ta kammala a ɗaura mata aure, ko uban da ke dab da ritaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne gurbi a benci. A ajin farko na jami'ar gwamnati, ɗalibai ɗaruruwa ke raba ɗakin gwaji ɗaya. Akan kasa su rukuni-rukuni, mutum goma ko fiye a kan kayan aiki guda, biyu su taɓa, sauran su kwafi sakamako. A jami'ar coci mai tsari, ajin kemistiri ko fiziks ƙarami ne, wani sa'in bai kai ɗalibi ashirin ba, don ba kowa ke biyan kuɗi mai yawa ya karanta su ba. Kowa na samun taɓawa. Wuta ma ta fi tsayawa, kuma wannan babban abu ne ga mai ajiye samfurin jini ko sinadarin da zafi ke lalatawa cikin awa kaɗan.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi yana Ede. A Jami'ar Redeemer's ne cibiyar ACEGID take, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, masanin ƙwayoyin halitta ɗan asalin Kamaru. Cibiyar na cikin waɗanda suka tabbatar da ɓullar Ebola a Legas a watan Yulin 2014. A watan Maris na 2020 ita ce ta fara warware cikakken tsarin halittar ƙwayar korona a nahiyar Afirka. Ta yi aiki mai yawa kan zazzaɓin Lassa, wanda ba baƙo ba ne a Arewa.

Sai dai a yi hattara da wannan misali. Cibiyar ta tashi ne da tallafin Bankin Duniya da haɗin gwiwar manyan cibiyoyin bincike na Amurka, baikon masu ibada kaɗai ba zai iya ba. Kuma kasancewar na'ura mai tsada a harabar jami'a bai nuna ɗan aji biyu zai taɓa ta ba. Akwai jami'o'in coci da ginin majami'arsu ya fi sashen kimiyya gaba ɗaya girma da ƙawa. Akwai waɗanda farfesoshinsu na aro ne daga jami'o'in gwamnati, su zo sau ɗaya a mako ko a wata, ko kuma sai lokacin da jami'an NUC, hukumar kula da jami'o'i, za su zo tantancewa. A fannin ƙwararrun malamai da zurfin bincike, tsofaffin jami'o'i irin na Zariya da Sakkwato har yanzu sun fi yawancin jami'o'in kuɗi, duk da lalacewar kayan aikinsu.

Ko kalandar ma ba a rantse a kanta. A watan Yulin 2022 barazanar 'yan bindiga a yankin Bwari ta tilasta wa Veritas sallamar ɗalibanta na wani lokaci.

Batun ibada

Nan ne zance ke zafi, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa.

Dokokin sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta. A Covenant halartar majami'a dole ce, ana ɗaukar suna, kuma an san ta da hana ɗalibai riƙe wayar salula. Babcock ta 'yan Adbentis ce, ranar Asabar ce ranar ibadarsu, ba aji ba gwaji, ɗakin cin abincinsu kuma ba a dafa nama. Ka ƙiyasta yaron da ya tashi da kifin Gulbin Kabi da balangu a wannan hali. Wasu jami'o'in sun fi sassauci, suna barin Musulmi ya fita Juma'a, ba sa takura wa mai ɗankwali. Wasu kuma ba masallaci, ba hijabi, ba fita sai da takarda.

Malamai da iyaye Musulmi da ke adawa da tura yara can suna da hujja mai nauyi. Yaro ɗan shekara 16 ko 17, nesa da gida, a wurin da ba ya jin kiran salla, yana zaune cikin wa'azin wani addini sau biyu ko uku a mako, shekara huɗu. Ko bai sauya addini ba, in ji su, sallarsa za ta yi rauni. Suna kuma nuni da sashe na 38 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana tilasta wa ɗalibi ibadar addinin da ba nasa ba.

Masu jami'o'in na amsawa da cewa sashen nan dai ya ba ƙungiyar addini damar koyar da addininta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta, kuma ba su ɓoye wa kowa dokokinsu ba, da idonsa ya karanta ya sa hannu. Suna ƙarawa da cewa jami'o'in Musulmi ma na da nasu ƙa'idojin sutura da tarbiyya, kuma ana samun Kiristoci a cikinsu.

Iyaye Kiristoci na Kebbi kuwa nasu lissafin daban ne. Wasu na ƙorafin cewa samun gurbi a kwasa-kwasan da ake rububi, ko filin ibada a haraba, ba ya zo musu da sauƙi a makarantun yankin. Kisan wata ɗaliba a kwalejin horar da malamai ta Sakkwato a watan Mayun 2022 ya bar tsoro a zukatan da yawa. Rufe makarantun firamare da sakandare na tsawon azumin 2025 a Kebbi da wasu jihohi ya jawo cacar baki tsakanin ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyoyin Musulmi, waɗancan na cewa an tauye yara dab da jarrabawa, waɗannan na cewa daidaita hutu ne da zafin bazara da bukatar mafi rinjaye.

Gardamar ibadar dole ba a kanmu aka fara ta ba. A Bairut, 'yan mishan na Amurka sun kafa kwaleji a 1866 wadda ta shahara a likitanci da kimiyya, 'ya'yan Musulmi suka yi ta shiga. A 1909 suka yi yajin ƙin halartar addu'ar dole. Daga baya aka sassauta dokar, a 1920 makarantar ta zama Jami'ar Amurka ta Bairut, wadda har gobe manyan Larabawa ke alfahari da ita.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne manhajar kanta ɗaya ce. NUC ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar, a Aliero ne ko a Ota. Darasin da kan tayar da ƙura, wato asalin halittu da shekarun duniya, yana damun ɗalibin Kirista mai riƙo da addini kamar yadda yake damun Musulmi, kuma dukansu kan rubuta wa malam abin da littafi ya ce su riƙe imaninsu. A ƙasar da Shehu Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka yi rubuce-rubuce kan magani da lafiyar jiki, babu wanda zai ce neman sanin yadda jiki ke aiki baƙon abu ne.

Nawa ne?

Kuɗin kwas ɗin kimiyya a irin waɗannan jami'o'i, haɗe da ɗakin kwana, yakan tashi daga wajen naira miliyan ɗaya zuwa miliyoyi a shekara, gwargwadon sunan makaranta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki, ko bai ci bai sha ba, albashinsa na shekara bai biya wa ɗa guda ba.

Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND bai shafi masu karatu a jami'ar kuɗi ba. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati ma ba ya ba jami'o'in nan ko kwabo, yawancin abin da za su saya daga aljihun iyaye da na coci yake fitowa. Shi ya sa a cikin coci-cocin kansu ake gunaguni: talakan da ya ba da baikonsa aka gina jami'a, ɗansa ba ya iya shigarta. Manomin Dabai ko Ribah da ke bin coci tun kakanni, Aliero ko Kalgo zai kai ɗansa, daidai da maƙwabcinsa Musulmi.

Aikin da ke jira a kwarin Rima

Abin takaicin shi ne, da wuya a sami yankin da ke bukatar masu wannan ilimi kamar Kebbi.

Fara da shinkafa. A nan aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015. A Argungu aka buɗe masana'antar WACOT a 2017, wadda a lokacin take iya sarrafa wajen tan dubu 120 a shekara, ga Labana a Birnin Kebbi. Kowace motar shanshera da ta shiga irin wannan masana'anta sai an auna danshinta. Ta haura kashi 14 cikin ɗari, funfuna na jiranta a rumbu. Ta bushe fiye da kima, ta kakkarye a inji. Turara gumi, wanda matan Kabi suka gada tun kaka da kakanni, kemistiri ne tsantsa: zafi da tururi ke tura sinadaran gina jiki daga dusa zuwa cikin ƙwaya, su kuma ƙarfafa ta. Mata sun san yadda ake yi. Wanda zai auna ya gaya musu awa nawa za a jiƙa da irin zafin da zai rage itace da karyewa, shi ne babu.

Ga ƙasar fadama. Shekara da shekaru ana zuba yuriya da NPK bisa kintace, ana feshin maganin ciyawa da na ƙwari ba tare da sanin abin da ke saura a ƙwaya ba, ko abin da ke gangarawa cikin gulbi. Ruwan nan shi ke ratsa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016. Sarkin Ruwa na da iliminsa na gado kan kogi da kifi, amma auna gubar da ke cikin ruwa aikin ɗakin gwaji ne.

Ga lafiya. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Kebbi da aka gwada na ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya, alhali a Legas bai wuce kashi biyu ko uku ba. Dalilin da ya sa kenan Kebbi ta kasance cikin jihohin da aka fara rigakafin zazzaɓin na R21, tare da Bayelsa, a Disamban 2024. A Oxford aka ƙirƙiro allurar, a Indiya ake sarrafa ta. Bibiyar yadda take aiki a jikin yaranmu, da yadda sauron fadama ke jure maganin gidan sauro, aikin 'yan bayokemistiri ne. Haka gano nau'in sanƙarau da ya ɓarke a Gwandu, Jega da Aliero a bazarar 2025. Haka gwajin jini kafin aure.

Ga ma'adinai. Ana haƙar gwal a yankin Yawuri da Fakai, ana wanke shi da zaiba da hannu. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, sakamakon garin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida. Gwajin ƙasa da na jini ne ya tona asirin, kuma akasarin masu gwajin da kayan aikinsu daga waje suka zo.

Mai fiziks ma na da nasa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, manoman rani ke komawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yawancin masu haɗa shi a kasuwa suka koya, girman faranti da na famfo duk da ka ake lissafawa.

In an dawo gida

To, yaron da ya gama Karu ko Ede ya dawo Birnin Kebbi da digirinsa, ina ya nufa?

Abin da zai fara cin karo da shi shi ne lasisi. Iyaye da yawa na zaton mai bayokemistiri zai yi aiki a ɗakin gwajin Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya. Doka ta keɓe gwajin marasa lafiya ga masu rajista da hukumar MLSCN, waɗanda suka karanta kwas ɗin gwajin asibiti na shekara biyar. Mai kemistiri na iya rajista da ƙungiyoyin ƙwararru na ICCON ko IPAN, ya nemi NAFDAC, hukumar ruwa, ko sashen tabbatar da inganci na masana'anta, amma guraben 'yan kaɗan ne. Saura sai koyarwa a makarantar kuɗi kan albashin da bai kai kuɗin motar da ya kashe zuwa makaranta ba, ko rumfar POS. Wanda ya fita da sakamako mai kyau kan nemi tallafin digiri na biyu a Turai ko Amurka, wasiƙar shaida daga malamin da ya san shi da suna na taimaka masa, kuma da wuya ya waiwayo.

A nan wanda ya biya miliyoyi da wanda ya yi karatu a Aliero suke haɗuwa a layi ɗaya.

A ganina, mun ɓata lokaci mai yawa kan tambayar ko ya dace a je jami'ar coci, alhali ta shafi gidaje ƙalilan. Dubban yara Musulmi da Kirista kuwa a Kalgo, Aliero, Zuru da Argungu za su ci gaba da karatunsu. Abin da ke jan masu hali zuwa Karu da Ota, wato wuta mai tsayawa, sinadarai a kan lokaci, ƙaramin rukuni a benci, ma'aikacin ɗakin gwaji da ya san aikinsa, duk abubuwa ne da kasafin jiha da kuɗin TETFund za su iya samarwa in an fifita su a kan ƙofar shiga mai ado da ginin ofis. Masana'antun shinkafa su buɗe ɗakunan gwajinsu ga ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, su kai matsalolinsu sashen kemistiri maimakon aika samfuri Legas. Kwalejin Adamu Augie kuma, wadda daga ita malaman kimiyyar ƙananan makarantu ke fitowa, ta fi kowa cancantar ɗakin gwaji na gaske.

Kai kuma uba, Alhaji ne kai ko Fasto, in ka ƙudurta kai ɗanka can, kada ka tsaya ga hoton da ke takardar talla. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka duba ko NUC ta ba wannan kwas ɗin cikakkiyar amincewa ko ta wucin gadi. Ka ce a buɗe maka ɗakin gwaji ranar da ake aiki, ka ƙirga yaran da ke kan benci guda. Ka tambayi malamai nawa ne na dindindin a sashen. Ka karanta dokar ibada da ta sutura layi-layi kafin ka sa hannu, ka ji ta bakin yaron da zai zauna a ƙarƙashinta. Sannan ka tambaye shi, tsakaninka da shi, ko karatun yake so ko likitancin da ya kuɓuce yake bi.